Sallamar soja kafin lokaci: wa ke gyara kuskuren da ya shiga takarda?

Ranar 27 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin maido da sojojin da aka sallama don sun ƙi allurar rigakafin korona, mutum sama da 8,000. Labarin ya bi gidajen rediyo da WhatsApp har ya sauka a fadodin shayi na Maraɗi, inda ya haifi tambayar da ta fi shi nauyi a wajenmu: ashe takardar sallamar soja tana gyaruwa? In tana gyaruwa a can, a nan fa?

Tambayar tana da tushe. A ƙarshen 2020, bayan hare-haren da aka kai wa sansanonin soja na Inates da Shinagodar, ministan tsaro na lokacin, Issoufou Katambé, ya shaida wa majalisar dokoki cewa za a ninka yawan sojojin Nijar daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara 5. Duk rundunar da ta buɗe ƙofa haka, masu fita kafin wa'adi ma za su ƙaru: wanda ya ji ciwo, wanda horo ya gagara, wanda aka hukunta, wanda ya gaji ya nemi tafiya. Kowannensu da takarda yake dawowa gida, kuma takardar ce za ta yi ta magana a madadinsa har bayan ransa.

A wata fada ta unguwar Zariya na ga wani matashi ya kwance baƙar leda gaban wani tsohon lajidan mai ritaya. Takardun ciki sun sha naɗi har layin naɗin ya fara cin rubutu.

"Baba, ga su nan duka. Ni dai a maida ni."

"Ɗana, bi a hankali. Maidawa daban, gyara daban. Karanto mini ranar da suka ce ka shiga."

Ya karanto daga littafinsa na soja, ya karanto daga takardar sallama. Wata huɗu ne tsakanin ranakun biyu. Sunan mahaifinsa kuma a nan Mahamadou, a can Mamadou. Tsohon ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta dalilin sallama ya ce wannan shi ne babba, kuma hanyarsa daban da ta sauran. Matashin ya zo da ƙorafi ɗaya a ransa, alhali uku ne a cikin ledar.

## Takardun da ke magana bayan an tuɓe kaki

Rundunar sojin Nijar, wadda aka kafa ranar 1 ga Agustan 1961, ta gaji tsarin rubutunta daga sojan Faransa, shi ya sa sunayen takardun na Faransanci ne. Tushen kome shi ne lambar soja, matirikil. Suna yana iya rikicewa, lambar ce ke bin mutum daga ranar ɗauka har ranar fita. Daga nan sai littafin soja da ke hannun mai shi, da dosiyen da ke hannun hukuma, inda ake shigar da ƙarin girma, canjin wurin aiki, hukunci, lambar yabo da jinya.

Takardar da ta fi kowace amfani bayan fita ita ce eta sinyaletik, wato tsakuren tarihin aiki: wane ne, yaushe ya shiga, ina da ina ya yi aiki, da wane muƙami ya fita, ranar da aka cire shi daga rajista. A kanta ake lissafin shekarun aiki. Akwai kuma takardar shaidar ɗa'a, wadda masu ɗaukar aiki ke tambaya.

Kalmar "sallama" a Hausa tana rufe abubuwa da yawa da doka ta rarrabe. Wanda kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba, an sallame shi. Wanda kwamitin likitocin soja ya ce jikinsa ba zai iya ba, wato reforme, an sallame shi. Wanda ya rubuta murabus aka karɓa, da wanda aka kora bayan zaman kwamitin ladabtarwa, da wanda aka rubuta a matsayin ɗan gudun soja, duk a gari cewa ake yi "an sallamo shi". A takarda kuwa kalma ɗaya ce ke raba mai haƙƙi da wanda ya fita hannu rabbana.

Ko cikin sallamar rashin lafiya akwai rabe-rabe. Kwamitin yana duba abu biyu: girman naƙasar, wanda ake rubutawa kashi kaza cikin 100, da kuma ko a bakin aiki aka same ta. Sojan da motar sintiri ta kife da shi a dajin Madarunfa da wanda ya faɗi a babur ranar hutu suna iya samun karaya iri ɗaya, amma haƙƙinsu ba ɗaya ba ne.

## Ta ina kuskure ke shigowa

Da yawan kurakuran sun girmi aikin sojan kansa. Yaron ƙauye da ba a yi wa takardar haihuwa ba, sai lokacin shiga lakwal ko neman aiki ake yanka masa ta kotu, a kan shaidar mutum biyu da ƙiyasin shekaru. Tsofaffin takardu cike suke da "an haife shi wajen shekara kaza", babu rana babu wata. Idan aka zo shigar da irin wannan a kwamfuta, wani ma'aikaci ya sa 1 ga Janairu, wani ya sa 31 ga Disamba, mutum ɗaya ya tashi da ranar haihuwa biyu da kusan shekara guda tsakani. Akwai kuma wanda aka rage wa shekaru da gangan don ya shiga cikin shekarun da ake ɗauka. Wannan ya kamata a faɗe shi ƙarara: mai neman gyara irin wannan yana buɗe ƙofar da za a tambaye shi yadda aka yi tun farko.

Sai rubutun suna. Harufan Faransanci ba su da matsaya ɗaya a kan sunayenmu: Issoufou da Youssouf, Abdou da Abdoulaye, Mahaman da Mahamane. Ga kuma al'adar sa sunan uba a gaba a wata takarda, a baya a wata. Wurin haihuwa ma haka. Tibiri biyu ne a ƙasar nan, na Gobir kusa da Maraɗi da na jihar Doso, kuma magatakardan da ke Yamai ba lalle ya tambaya wanne ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na abin da ba a rubuta ba sam. Soja ya ji rauni a fagen daga, aka ɗaure masa a sansani, shugaban ayari bai aika rahoto ba don ana cikin gudu da ƙura. Bayan shekara biyu ƙafar ta ƙi, kwamitin likitoci ya buɗe dosiye bai ga kome ba, ya rubuta cewa ciwon ba na aiki ba ne. Ko kuma soja ya je hutu gida ciwo ya kwantar da shi, ya kwana ashirin a asibitin gari, iyalinsa ba su san ana sanar da bariki ko jandarmomi ba. Kafin ya miƙe an rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, amma takardar ba ta faɗi gaskiya ba.

Sallama kafin lokaci tana ƙara dagula wannan saboda gaggawa. Mai ritaya yana da watanni yana bin dosiyensa ofis-ofis, yana ganin kuskure yana nunawa. Wanda aka sallama bagatatan ana miƙa masa takarda ne yana cikin fushi ko kunya ko ciwo, ya sa hannu bai karanta ba, wani ma Faransancinsa bai kai na takardar hukuma ba.

## Kowane kuskure da ƙofarsa

Idan kuskuren yana cikin takardar haihuwa ne, runduna ba ta da ikon taɓa shi. Aikin kotu ne, kuma dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 1 ga Yulin 2019 ce ke tafiyar da wannan fanni. Sai an samo gyararriyar takarda sannan a kai wa soja su daidaita nasu. Mutane da yawa suna ɓata watanni a ƙofar bariki kan abin da maganinsa ke gidan shari'a.

Idan takardar haihuwa daidai take, magatakardan soja ne ya kauce wajen kwafa, wannan tuntuɓen alƙalami ne. Ana rubuta buƙata zuwa ga hukumar da ta fitar da takardar, a haɗa da kwafin da aka buga wa hatimin tabbatarwa, a nuna layin da ke da kuskure da abin da ya kamata ya zama. Irin wannan ba ya buƙatar lauya. Abin da yake buƙata shi ne hujja daga cikin takardun rundunar kanta: takardar albashin watan farko, umarnin canjin wurin aiki, sanarwar ƙarin girma. Wata huɗun matashin nan na fada, takardar albashi ɗaya tana iya dawo da su. Kuma kada a miƙa asalin takarda, kada a bar ofis ba tare da shaidar karɓa mai kwanan wata ba.

Dalilin sallama shi ne mai wuya, don a nan ba alƙalami ake ƙalubalanta ba, hukuncin hukuma ne. Tsarin shari'ar mulki da muka gada daga Faransa yana da matakai: a fara kai kuka ga wanda ya yanke hukuncin ko na sama da shi, in an ƙi, ko an yi shiru har wa'adi ya wuce, sai a je gaban alƙalin da ke shari'a tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, aikin da babbar kotun mulki ke yi a da ya koma hannun Kotun Ƙasa da ke Yamai. Alƙalin ba ya zama kwamanda ya sake auna ko sojan kirki ne. Abin da yake dubawa: wanda ya sa hannu yana da ikon sa hannu? An bi ƙa'ida, an kira mutum ya kare kansa? Abin da aka ce ya faru, ya faru? In ya soke hukuncin, a idon doka kamar ba a taɓa yanke shi ba ne. Wanda kuwa kotun soja ce ta hukunta shi, hanyarsa ta ɗaukaka ƙara ce, ba wannan ba.

Abin da ke kayar da mafi yawan masu ƙorafi a wannan mataki lokaci ne. Wa'adin ƙalubalantar hukuncin hukuma gajere ne, kuma yana fara tafiya daga ranar da aka damƙa wa mutum takardar. Al'adarmu kuwa ita ce a fara bin manya: a je wajen kawu mai sanin wani kanar, a jira ɗan majalisa, a jira sallah ta wuce. Ba laifi ba ne neman alfarma, sai dai ba ta tsayar da agogon kotu. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: a ajiye rubutaccen ƙorafi tukuna, sannan a bi manyan.

## Yadda wasu suka tsara abin

Amurka ce ta fi kowa gina wa wannan matsala gida na kanta, shi ya sa labaranta ke ruɗa mai sauraro a nan. Sojanta yana fita da takarda mai suna DD 214, wadda ke nuna irin sallamarsa: ta girmamawa, ta gama-gari, wadda ba ta girmamawa ba, ko ta hukuncin kotun soja. Kwamiti biyu ne ke sake dubawa. Na farko, wanda ya samo asali daga dokar 1944, yana duba irin sallamar da dalilinta cikin shekara 15 da fita, amma ba ya taɓa hukuncin babbar kotun soja. Na biyu, na 1946, fararen hula ne ke zama a cikinsa, yana da ikon gyara duk wani kuskure ko rashin adalci a dosiye. Wa'adinsa shekara 3 ne daga ranar da aka gano kuskuren, kuma yana iya yafe jinkiri in adalci ya buƙaci haka. Kalmar "rashin adalci" ita ce babban bambanci: takarda tana iya zama daidai da doka, amma a gyara ta.

A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya umarci kwamitocin su sassauta wa tsofaffin sojojin da firgicin yaƙi ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, waɗanda aka kora da sunan rashin ɗa'a alhali ciwo ne ke ɗawainiya da su. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Matashin da ya dawo daga Difa ko Tilaberi ba ya barci, yana faɗa da kowa, ya fara makara a layi, a takarda mai taurin kai ne. Likitan ƙwaƙwalwa yana iya ganin wani abu daban.

Ko a can ɗin, nauyin hujja yana kan mai ƙorafi, don ana ɗaukar abin da hukuma ta rubuta a matsayin daidai har sai an nuna akasinsa. Kuma takardun hukuma ma suna ɓacewa. Gobarar 12 ga Yulin 1973 a ma'ajiyar dosiyen sojojin Amurka da ke birnin Sen Luwis ta cinye dosiye miliyan 16 zuwa 18 da ba su da kwafi, aka koma harhaɗa tarihin mutane daga takardun albashi da na asibiti da abin da suka ajiye a gida.

Faransa tun 2001 tana da kwamitin ƙorafin sojoji da dole a bi ta kansa cikin wata 2 kafin a je kotu, amma ba ya karɓar batun ɗauka aiki ko na ladabtarwa. Tarihinmu da ita ya nuna tsawon ran takarda. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamban 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, wato ta hana shi ƙaruwa, har da na mazan jiya na Nijar. Amadou Diop, tsohon sajan ɗan Senegal, ya kai ƙara, babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamban 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. Cikakken daidaito da fanshon sojojin Faransa bai zo ba sai 1 ga Janairun 2011, kuma sai mutum ko matarsa sun nema da takardu. Dosiyoyin suna birnin Po a kudancin Faransa, da sunayen da magatakardan Nasara ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A 2024, shekara 80 bayan kisan da sojan Faransa ya yi wa sojojinsa ƴan Afirka a sansanin Tiyaroy na Senegal ranar 1 ga Disamban 1944, aka rubuta shida daga cikin waɗanda aka kashe a matsayin waɗanda suka mutu don Faransa.

Maƙwabtanmu na ƙetaren Jibiya sun bi wata hanya. A Satumban 2015 rundunar sojin Najeriya ta maido da sojoji 3,032 da aka kora a lokacin yaƙin Boko Haram, bayan wani kwamiti ya sake duba shari'o'insu. Wannan da na Amurka na 2025 iri ɗaya ne: shawarar shugabanni ce a kan rukuni guda, a lokaci guda. Ba haƙƙi ba ne da kowane korarren soja zai tashi ya nema, kuma ba ya tsallaka iyaka.

## Hujjar runduna da hujjar wanda ya fita

Masu riƙe da ragamar soja suna da dalilinsu na tsaurarawa. Runduna da biyayya take tsaye. In kowane hukunci zai zama abin ciniki bayan shekara biyu, kwamanda a daji ba zai iya ba da umarni ba. Suna kuma tsoron takardun jabu da shaidar zur, musamman a batun shekaru da rauni, inda kowane gyara kuɗi ne daga baitulmali. Shaidu suna warwatsewa, wasu sun rasu, shi ya sa doka ke son a rufe magana da wuri. Ga batun sirri: rahoton wani farmaki ba abin da za a baza a teburin kotu ba ne.

Tsofaffin sojoji da masu kare su suna amsawa da cewa hukumar da ta yi kuskuren ita ce ke riƙe da hujjar kuskuren. Mutum yana Gidan Rumji ko Dakoro, dosiyensa yana Yamai, tafiyar kilomita sama da 600, ga kuɗin mota da masauki da lauya a kan wanda albashinsa ya tsaya. Gajeren wa'adi ya dace da ma'aikacin ofis mai karanta Faransanci, bai dace da mai kwance da karaya ba. Suna ƙarawa da cewa gyara kuskure ba ya rage wa runduna kwarjini, kuma matasan da ake son ɗauka gobe suna kallon yadda aka yi da yayyensu.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Tsoron runduna ya fi ƙarfi a batun hukuncin ladabtarwa. A batun kwanan wata, suna, muƙami da raunin da ba a rubuta ba, babu abin da biyayya za ta rasa in an gyara, kuma nan ne mafi yawan ƙorafin yake. Wurin karɓar irin waɗannan buƙatu a hedikwatar kowace jiha, da ba kowane mai fita kwafin tarihin aikinsa ya karanta kafin ya sa hannu, za su rage rabin tafiyar Yamai ba tare da an taɓa ikon kwamanda ba.

## Abin da layi ɗaya ke jawowa a gida

Fansho yana da ƙofar shekaru. A tsarin sojan Faransa da kakanninmu suka yi wa aiki shekara 15 ce, kuma wanda ya gaza da ƴan watanni ba ya shiga. Asusun fansho na CARENI da abin da ke rubuce yake lissafi, don haka watannin da suka zube a takarda suna iya zama bambanci tsakanin kuɗin ritaya da babu. Muƙamin da aka manta shigarwa yana rage abin da za a karɓa har ƙarshen rai.

Wanda ya fita da ƙuruciyarsa, damuwarsa aiki ce. Kamfanonin gadi, ƙungiyoyin agaji masu neman direba, ƴan kasuwar da ke son amintaccen mai rakiyar kaya, duk suna tambayar takardar fita. Kalmar "gudu" ko "kora" tana rufe ƙofar kafin a ji ta bakinsa. A unguwa ma tana bin sa, har wajen neman aure, inda waliyyi zai aika a binciko dalilin dawowarsa.

Nauyin ƙarshe a kan mata da marayu yake sauka. Aure da yawa a masallaci aka ɗaura su ba a kai ma'aikatar magajin gari ba, ƴaƴa da yawa ba a shigar da su dosiyen uba ba. Ranar da ya rasu, matar za ta zo da takardar aure mai suna Mahamadou, dosiye yana cewa Mamadou, wanda zai ce "ni ne duka biyun" kuwa yana ƙasa. Gyaran da zai ɗauke shi buƙata ɗaya da kwafi biyu yana raye, ita sai ta nemo shaidu, ta je kotu, ta jira.

Tsohon lajidan ɗin bai bar matashin ya tashi ba sai da ya raba masa takardun gida uku a kan tabarma, ya sa shi ya ɗauki hoton kowace da waya. Ta suna ya ce a gwada da takardar haihuwa, in can kuskuren yake a kai kotu, ta kwanan wata a nemo takardar albashin farko. Ta dalilin sallama kuwa ya juya bayanta yana neman ranar da aka sa hannun karɓa, ya ƙirga da yatsu, ya ce gobe da safe za su je wajen mai rubuta takarda kafin rana ta yi zafi.